Turaren Mai: A Daina Ɗura Mana Ƙarya a Kwalba



Duk wanda ke sallar Juma'a a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san teburin mai turare a bakin masallaci. An san mu da wannan sana'a a Kudu kamar yadda aka san mu da goro da tsire da canjin kuɗi. Bayarabe ko Ibo in yana son turaren mai, wurin Malam yake zuwa, kuma abin da Malam ya ce masa shi yake ɗauka. Iyayenmu ne suka gina wannan yarda da gaskiyarsu, shekara da shekaru. Yau wasu daga cikinmu suna rusa ta saboda ribar kwalba ɗaya, mu masu saye kuma muna taya su. A kan wannan nake son mu yi magana, ko da za ta yi wa wasu ɗaci.

Mu fara da kalmar da ta fi kowace shan wahala a bakin 'yan kasuwa, wato oud. Yanzu kowace kwalba mai baƙin ruwa oud ce, kuma wai "orijinal daga Dubai". To, bishiyar oud ba ta fitowa a Dubai. A Asam ta ƙasar Indiya take, da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indonesiya. Lafiyayyar bishiyar ma ba ta da wannan ƙamshi. Sai ta ji rauni, wata irin funfuna ta shige ta, sannan ta riƙa fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, ƙaron ya jiƙa icen a tsawon shekaru. Wannan icen ake sara a dafa a tace mansa kaɗan-kaɗan. Saboda yawan sare ta, tun 1995 aka sa wani jinsinta cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2004 kuma aka haɗa da sauran danginta. Da tola ake auna man, kuma tola ɗaya ba ta cika giram 12 ba. Abin da ke da irin wannan wahala, yaya za a yi ya iso teburin bakin titi a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba? Mai sayarwa ya san ba oud ba ne. Mai saye ma in ya tsaya ya yi lissafi zai gane.

Haka zancen almiski yake. Na asali daga jikin namijin wata ƙaramar barewa ake samunsa, a tsaunukan Himalaya da Sin da Saberiya. Launinsa duhu ne, kuma kafin a sirka shi warinsa ya fi ƙarfin hanci. Farin almiskin nan mai kauri da muke gani ko'ina haɗin masana'anta ne. Man sandal na Maisur da man wardi na Ɗa'if su ma kaya ne masu tsada ƙwarai, alhazanmu da suka taya su a Makka shaida ne.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Turaren masana'anta ba abin kunya ba ne. Manyan kamfanonin turare na Faransa da na ƙasashen Larabawa da irin waɗannan sinadarai suke aiki, kuma akwai mai daɗi ƙwarai a ciki. Talaka ma yana da haƙƙin ya yi ƙamshi ranar Juma'a. Ku dubi Bintu Sudan: tun 1920 take kasuwa, a Kano ake ɗura ta, kakanninmu sun shafa, har yau da wuya a haɗa kayan amarya ko a yi turaren wuta babu ita. Ba ta taɓa cewa ita oud ce ba, kuma hakan bai rage mata daraja ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne a ɗura haɗin da aka sayo a galan cikin kwalba mai zanen zinariya, a rantse wa mutum da Allah cewa na asali ne, a karɓi kuɗin na asali. Wannan algus ne, kuma kowa ya san hukuncin algus a addininmu.

Algus na biyu shi ne sirki fiye da kima. Akwai wani farin mai mara ƙamshi da ake kira DPG, wanda masu haɗa turare ke sassauta haɗinsu da shi. Aikinsa ke nan, ba laifi. Laifin yana wurin wanda zai ba ka ɗanɗano daga kwalba mai ƙarfi, sannan ya ɗura maka daga wata wadda rabinta wannan farin man ne. Ka shafa a gida, kafin ka kai tashar mota ƙamshin ya gudu. Akwai ma marasa tsoron Allah da ke sirkawa da farafin ko man girki, kwana kaɗan turaren ya yi warin tsohon mai, ya bar wa mutum tabo a farar shaddarsa. Surar da ta yi magana kan masu tauye mudu ba masu hatsi kaɗai ta shafa ba.

Na ukun ya fi muni, domin lafiya yake taɓawa. Shafukan sada zumunta sun cika da tallan "turaren mallaka" da "turaren farin jini" da wanda wai in kin shafa kishiya ta shiga uku. Turare ƙamshi ne, ba laya ba ne, ba magani ba ne. 'Yan uwa mata, almiskin ɗahara da ake cewa a riƙa matsi da shi kullum, ku tambayi likita ko ungozomar asibiti kafin ku bi maganar mai talla. Abin da aka haɗa don ƙamshi, aka ɗura ba tare da an rubuta abin da ke cikinsa ba, babu lambar NAFDAC, bai kamata ya shiga cikin jiki ba. Ranar da ƙaiƙayi da kumburi suka zo, mai tallan ba ta raka ki asibiti.

Yanzu na juyo kanmu masu saye, domin da hannunmu a ciki. Muna raina namu. A cikin unguwanninmu na nan Legas akwai mata da ke haɗa humra da turaren wuta da hannunsu, irin wanda suka koya daga Shuwa da Barebarin Maiduguri, wasu kuma daga Chadi da Sudan. Wanda bai ga aikin ba ba zai san wahalarsa ba. Farce kaɗai, wato murfin bakin wata katantanwar teku, sai an jiƙa shi an kankare an wanke sau da yawa don ƙarnin ya fita, sannan a soya a daka. Ga kajiji, ga kanumfari, ga garin sandal, ga mahalab. A turara haɗin da hayaƙi, a zuba masa turarukan mai, a rufe a ajiye makonni har ya nuna. Da yawa daga cikin masu wannan aiki zawarawa ne da matan da ke riƙe da marayu, da kuɗin suke biyan haya da makaranta. Amma in ta kawo mana sai mu yi ta tayi kamar muna sayen tumatir da yamma, har mu ce ta ba mu bashi sai ƙarshen wata. Mutum ɗaya ne zai shiga kanti ya ga kwali mai rubutun Larabci ya biya ninki uku ko tayi babu. Sunan Dubai muke saye, ba turare ba. Muddin haka muke, mai ƙarya ne zai ci kasuwa, mai gaskiya ta tattara kayanta.

Wani zai ce, ai kasuwa ce, kowa haka yake yi, in ka faɗi gaskiya ba za a saya ba. Ban yarda ba. Mutumin da ka ce wa, "Alhaji, wannan kwaikwayon oud ne amma yana kama jiki, gwada ka ji," zai saya, kuma zai dawo, har ya turo maka abokinsa na ofis. Wanda ka yaudara sau ɗaya kawai zai saya. In kuma ba Bahaushe ba ne, ba sunanka zai riƙe ba, cewa zai yi Hausawa sun cuce shi. A garin da muke baƙi, wake ɗaya ke ɓata gari.

Tun da na yi suka, bari in faɗi abin da hancina ya yarda da shi, don mai neman shawara. Yanayin Legas ba na Kano ko Sakkwato ba ne. Nan akwai laima da gumi, turare mai nauyi yana ninka ƙarfinsa. Da rana, na fi son haɗin da ƙasansa sandal ne da ɗan wardi a kai. Yana da sanyi, ba ya hawa kai, kuma yana zama lafiya da gumi. Farin almiski mai kyau shi ne na zuwa aiki da shiga taro, ba ya damun na kusa da kai. Haɗin oud irin na Kambodiya yana da zaƙi-zaƙi, ya dace da dare ko lokacin hunturu. Irin na Indiya kuwa farkonsa kamar warin garke ne, sai daga baya ya kwanta ya yi daɗi, don haka wanda zai shiga danfo ya tausaya wa jama'a. Ga wanda Allah ya kai shi Indiya ko yake da mai zuwa, garin Kannauj ne gidan attar, har yau a tukwanen tagulla suke dafawa. Suna da wani da ake yi da gasasshiyar ƙasa, ƙamshinsa sak na ruwan farko in ya sauka a busasshiyar ƙasa. Duk ɗan Arewan da ya daɗe a Kudu in ya shaƙa sai ya tuna gida.

A ɓangaren humra, fara ta fi sauƙi, ana iya sa ta a mayafi da zanin gado. Baƙa ta fi zurfi da daɗewa, amma a jiki ake shafa ta, tana ɓata farin kaya. Humrar da ta nuna ba ta yaji a hanci, ba ta ƙarni, kuma washegari ana jin saurarta a tufafi. Wadda ta buge ki da ƙarfi tun buɗe murfi sannan ta ɓace, turaren fesawa ne ya yi mata yawa. Wanda yake da damuwa kan turare mai alkohol ya tambayi mai haɗawa kai tsaye, domin humra da yawa akwai shi a ciki, hukuncin kuma ya nemi malaminsa.

Wajen saye, kada a yanke hukunci da shaƙar bakin kwalba. A ɗiga a wuyan hannu, a je a yi wata hidima, bayan rabin awa a sake shinshinawa, a nan ne ainihin turaren yake fitowa. Kada a gwada fiye da kala uku a tsayuwa ɗaya, hanci yana gajiya. A fara da ƙaramar kwalba mai mil 3 kafin a sayi tola. A tsaya a ga an ɗura daga kwalbar da aka gwada. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu ya kwana da shi tukuna. A ajiye turare a kwalbar gilashi, a inuwa, ba a gaban mota ba inda rana ke dafa shi. Sannan ɗigo biyu ya isa. A sahu akwai masu asma da masu ciwon kai, sunna ƙamshi ta koyar, ba cutar da maƙwabci ba.

Kirana ga shugabannin ƙungiyarmu da sarakunan Hausawa na unguwanni shi ne su zauna da masu turare, maza da mata. A yarda da abu ɗaya mai sauƙi: kowace kwalba a faɗi matsayinta, na asali ne, haɗin hannu ne, ko kwaikwayo ne. Wanda aka kama yana rantsuwar ƙarya a ja masa kunne a gaban 'yan uwansa, in ya ƙi ji a hana shi shimfiɗa a bakin masallaci. Matanmu masu humra kuma a taimaka musu da hanyar yin rajista da samun kwalabe masu tsabta da takardar da ke nuna abin da ke ciki, a kuma ware musu wuri a tarukanmu na Sallah da Mauludi. Masu haɗa lefe su fara dubawa a cikin unguwa kafin su aika kuɗi waje.

Masu turare na gaskiya suna nan da yawa, mun san su, kuma ba da su nake ba. Su ne ma suka fi kowa cutuwa da wannan hali, don haka su ya kamata su fara tashi tsaye. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haram, ya bar mu da mutuncinmu a garin mutane.