Lauyan da ake kira bayan an sa hannu

A ranar 23 ga Oktoba, 2023, Mai Shari'a Robin Knowles na babbar kotun Landan ya soke hukuncin da ya ɗora wa Najeriya bashin kusan dala biliyan 11, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ajiyarmu na waje a lokacin. An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai ni har yau ina ganin mun karanta labarin a baibai. Mun riƙe sunan lauyoyin da suka cece mu, mun manta da dalilin da ya sa sai da muka nemo su.

Kamfanin lauyoyin da ya tsaya mana sunansa Mishcon de Reya. Victor Mishcon, ɗan wani malamin addinin Yahudawa, shi ya kafa shi a 1937 a unguwar Brixton ta kudancin Landan, a ƙaramin ofis, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Sunan da ake kiransa da shi yanzu ya samo asali ne daga haɗewa da wani ɓangare na kamfanin Bartletts de Reya a 1988. Mishcon mutum ne mai shiga wurare: ya zama ɗan majalisar dattawan Birtaniya, kuma a gidansa Sarki Husaini na Jodan da Shimon Peres na Isra'ila suka yi ganawar sirri a 1987. Lauyoyin kamfanin ne suka tsaya wa Gimbiya Diana a rabuwar aurenta a 1996, su ne kuma suka riƙe ƙarar Gina Miller, wadda ta tilasta wa gwamnatin Birtaniya neman izinin majalisa kafin ta fara ficewa daga Tarayyar Turai. Ba waliyyai ba ne, a lura. A 2022 hukumar da ke kula da lauyoyi a Ingila ta ci su tarar fam 232,500 saboda sakaci da ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram.

Yadda muka faɗa hannunsu shi ne abin dubawa. A Janairun 2010, zamanin da Rilwanu Lukman ke ministan man fetur, ma'aikatar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID na wasu 'yan ƙasar Ayalan biyu. Najeriya za ta kai iskar gas Kalaba, kamfanin ya gina masana'antar tace ta. Ba a shimfiɗa bututu ba, ba a aza tubali ko ɗaya ba. Duk da haka, a 2017 kwamitin sasanci da ya zauna a Landan ya ce a biya P&ID dala biliyan 6.6, ribar da wai zai ci a shekara ashirin ɗin, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari. Kowace safiya sai a ƙara mana sama da dala miliyan ɗaya. Bayo Ojo, ɗaya daga cikin masu sasancin uku, ya ce dala miliyan 250 ta isa, amma biyu sun rinjayi ɗaya.

Abin da manyan lauyoyin suka yi daga baya ba surutu ba ne a gaban alƙali. Aikin tono ne. An je kotun Niyok an nemi bankuna su fito da takardun shige da ficen kuɗi. An bi sawun kuɗin har aka nuna cewa an ba jami'ar da ke shugabantar sashen shari'a na ma'aikatar cin hanci, aka kuma nuna cewa takardun sirri na lauyoyin Najeriya suna ta faɗawa hannun abokan shari'a, suna karanta dabarunmu tun kafin mu buɗe baki. Irin wannan kamfani da awa yake lissafi: kowace wasiƙa, kowane kiran waya, kowane shafi da ƙaramin lauya ya duba, yana da farashi. Kuɗin shari'ar da Najeriya ta nemi a mayar mata ya haura fam miliyan 40.

To, wa ya karanta takardar nan kafin a sa hannu?

A nan Shadawanka ta Bauci, idan tsohon soja ya karɓi kuɗin sallama yana son fili a bayan bariki, kowa ya san yadda ake yi. Dillali ya kawo mai fili, a kira mai unguwa da shaidu biyu, a yago falle daga littafin ɗan makaranta a rubuta "na sayar masa, ya biya", a dangwala yatsa, a raba la'ada, a shafa fatiha. Ka ce a kira lauya, sai a dube ka kamar ka zagi wani: "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Babu iyaka a rubuce, ba a tambayi ko filin na gado ne ba. Bayan shekara biyar ƙannen mai filin su taso, sai ga mutuminka yana sintirin kotu, yana biyan lauya ninkin abin da ya ƙi biya da farko. Abin da ma'aikatar man fetur ta yi ke nan, illa dai ita filinta na mutum miliyan ɗari biyu ne.

Kada wani ya ce wannan matsalar Abuja ce. A Agustan 2024 aka tsare jiragen fadar shugaban ƙasa uku a Faransa. Musabbabin kuwa saɓani ne tsakanin gwamnatin jihar Ogun da wani kamfanin Sin, Zhongshan, kan yankin ciniki maras haraji. Jiha ta ƙulla, jiha ta warware, aka kama jiragen Najeriya baki ɗaya. Rikicin aikin lantarkin Mambila ma ya kai gaban masu sasanci a Faris, inda Obasanjo da Buhari suka je ba da shaida a Janairun 2025. Maƙwabtanmu na Nijar suna nasu da kamfanin Orano na Faransa kan yuraniyom.

Mu a Bauci lokacinmu ya zo. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakarmu da Gombe, a Nuwamban 2022, aka yi ta maganar jarin dala biliyan 3. Lasisin mai na tarayya ne, na sani, amma filaye da hanyoyi da diyyar manoman Alƙaleri a kan teburin jiha za su sauka. Ga masu neman ma'adinai a Toro, ga masu zuwa da zancen siminti da hasken rana. Kowane baƙo da ya sauka a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da jaka a hannu, daftarin da ke cikinta wani kamfani irin Mishcon ne ya rubuta masa, kuma don amfaninsa aka rubuta. Mu kuwa sai mu miƙa wa lauyan gwamnati guda, wanda ke da fayil ɗin ƙararrakin fashi da na fili jibge a gabansa, mu ce ya duba kafin gobe domin an riga an gayyaci 'yan jarida.

Ba ina cewa mu ɗauko Turawa su zauna mana a ma'aikatar shari'a ba. Akwai manyan kamfanonin lauyoyi a Legas da Abuja da suka ƙware a wannan fanni, kuma biyansu na mako biyu su tsefe daftari ba almubazzaranci ba ne. Abin da ya fi wannan shi ne mu yi namu. Yaranmu da ke fitowa daga tsangayoyin shari'a na Zariya da Kano da Maiduguri, su wuce makarantar lauyoyi ta Bagauda ko Yola, yawancinsu burinsu shari'ar zaɓe, don nan ake ganin kuɗi da suna. Jiha na iya zaɓar goma, ta biya musu horo a kan dokar kwangila da makamashi da sasanci, ta tura su zaman shekara guda a irin waɗannan kamfanoni, da sharaɗin su dawo su yi mata aiki. Dokar sasanci ta 2023 ta zo da sababbin ƙa'idoji da ke buƙatar masu sani.

Kafin a kai ga haka, majalisar dokokin jiha na da ikon da ba ya cin ko kwabo. Duk yarjejeniyar da za ta ɗaure Bauci fiye da wa'adin gwamna ɗaya, a kawo ta zaure a karanta sassa uku a bainar jama'a: dokar wace ƙasa za a bi, a wane gari za a zauna idan an saɓa, kuma nawa za mu biya idan mu ne muka kasa cika alkawari.