A Kula da Abincin da Yara Ke Ci a Hanya

Zuwa ga Edita,

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kaduna a jajibirin Sallah ya san abin da ke faruwa idan mota ta tsaya a Kwanar Dangora. Masu talla su yanyame taga da dafaffen ƙwai, awara, gurasa, fura da nono. Yaro ya sa kuka, uwa ta saya masa don a zauna lafiya.

Nonon nan shi ne abin tsoro. Wanda ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka, ga kuma ruwan da aka dama furar da shi. Babba kan jure, amma ɗan shekara 2 gudawar yini ɗaya ta isa ta ƙarar masa da ruwan jiki.

Gidajen abinci ma da nasu laifin. Miya ɗaya ce ga kowa, barkono har wuya, sannan a ajiye kwanon wanke hannu guda kowa ya tsoma hannu. Buta da sabulu nawa suke? Me zai hana a ware miya marar yaji, a riƙa sayar da rabin faranti?

Iyaye su yi guzurin kunu a filas, da ayaba da lemo, tunda ɓarewa ake yi. A sa ƙullin ORS a jaka saboda gudawa. A lita 1 ta tsaftataccen ruwa ake narka shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi. Gyaɗa kuwa kada a ba ƙaramin yaro mota na tafiya, tana iya shaƙe shi.

Wassalam,
Wata uwa daga Zariya