Wasiƙa ga masu ajiye aikin albashi don kiwon alfaka



Labari yana iso mana cewa a Amurka da Ingila wasunku na ajiye aikin ofis, su sayi fili a ƙauye su zuba alfaka, dabbar nan ta tsaunukan Andes 'yar dangin raƙumi, da niyyar cin abinci da gashinta. Niyyar ta yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa nake son ku saurare ni kafin ku miƙa takardar murabus.

Alfaka ba ta gaggawar biyan mai ita. Cikinta ya haura wata 11, ɗa guda take haifa, aski kuwa sau ɗaya ne a shekara. Kaɗaici na sa ta rama, don haka garke za ku saya tun farko. Da yawa daga waɗanda suka shiga harkar a Amurka bayan fara shigo da ita a 1984 sun dogara ne da sayar wa sababbin shiga dabbobi, kuma da farashi ya karye wajen 2008 suka tafka asara.

Abincinku yana hannunku, kuma daga ranar aski yake farawa. Gashin gadon baya da haƙarƙari shi ne mai laushi. Na ƙafa da na ciki kaushi gare shi, kuma ɗan kaɗan in ya shiga buhun mai kyau, mayafin da kuka saƙa zai riƙa sukar wuyan mai saye, ba kuwa zai dawo ba. A Arekifa ta ƙasar Peru, inda ake sarrafa mafi yawan gashin alfaka, har yau mata ne ke tantance shi da yatsa, kuma sai an shekara da shekaru ake ƙwarewa. Ku kuma san irin alfakar da kuke kiwo, wakaya ce ko suri: gashin wakaya mai lanƙwasa ne, yana karɓar saƙar hula da rigar sanyi, na suri dogo ne mai santsi, ya fi dacewa da mayafi mai zubowa. Dabbar tana son birgima a ƙura, sai ku kakkaɓe gashin sosai kafin shiɓa, kamar yadda iyayenmu mata ke tsince auduga kafin su ɗauki mazari.

Don Allah, kada ku saki albashinku tukuna. Ku je gonar wani ku yi aski guda tare da shi, ku kaɗa zare da hannunku, ku kai shi kasuwa ku ji abin da za a taya.

Wassalam.