Ido Lafiya, Amma Ba Ta Gane 'Yarta Ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, a wannan wata mun ga inda ji ne ya ceci gani.

A hutun makaranta da ya wuce mun je Jugu gaida wata gyatuma, wadda aka yi wa aikin ciwon daji a nono shekara biyu baya. Muna zaune 'yarta ta shigo da ƙwaryar fura. Tsohuwa ta ƙura mata ido, ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Yarinya ta ce, "Inna, ni ce fa." Jin muryar ke da wuya ta kira sunanta. Aka miƙa mata ludayi, ta dube shi ta rasa ko mene ne, sai da ta shafa shi da hannu. Amma kuwa ko tsinke ne a ƙasa tana ganinsa.

Nan take gida ya rabu biyu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wani ya kawo shawarar a sayo tabarau a kasuwa.

Mu malamai kullum muna faɗa wa yara a aji cewa ido taga ce kawai. Hoton da ya ɗauka yana bin jijiya har ƙeya, can ne ƙwaƙwalwa take karɓarsa, sannan ta miƙa shi sashen da ke wajen kunne, inda ake gane cewa wannan fuskar wance ce, wancan kuma ludayi ne. In ƙari ya tsiro a kan wannan hanya, mutum zai gani amma ba zai gane ba. Likitoci suna kiran wannan agnoziya. Wani likitan Jamus, Heinrich Lissauer, ya bayyana ta a 1890, kuma a 1947 Joachim Bodamer ya raɗa wa rashin gane fuska sunansa na daban.

Ina ruwan nono da ƙwaƙwalwa? Ciwon daji ba ya zama wuri ɗaya. Ƙwayoyinsa kan ɓalle su bi jini, su yada zango a wani wuri. Waɗanda suka fi haurawa ƙwaƙwalwa su ne na huhu, da na nono, da na ƙoda, da wani na fata. Yakan faru ko bayan shekaru da yin aiki. Sauran alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, farfaɗiyar da ta fara da girma, mutuwar ɓarin jiki, ko yawan karo da ƙofa ta gefe ɗaya.

Duk wanda ya taɓa yin ciwon daji, in ɗayan waɗannan ya bayyana, kada a kwana ana shawara. A Jugu akwai asibitin Ordre de Malte. A Paraku akwai babban asibitin Bargu, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, suke koyon aiki. A tafi da takardun aikin farko, a gaya wa likita komai. Hoton ƙwaƙwalwa na sikana shi ke nuna ƙarin. Akwai maganin da ke rage kumburi, wani kuma a yi masa aiki ko gashi da haske. Ko ba a warke ba, ana samun sauƙi.

Addu'a kam ba mu bari, amma a haɗa da asibiti. A gida kuwa, mu yi sallama mu faɗi sunanmu kafin mu zauna. Kada a riƙa sauya wa kayanta wuri. Kada a yi mata jarrabawar "wane ne ni?", domin abin na ƙona mata rai. Ba raini ba ne, ba hauka ba ne, ciwo ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa, in da rai.