A Koya Wa Yara Cewa Kowa Baƙo Ne A Wani Wuri

Jama'a mazauna Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Ibadan da Shagamu, 'ya'yanmu suna zama benci ɗaya da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo. Ana koya musu lissafi da Turanci, madalla. To, amma wa ke koya musu haƙƙin baƙo?

A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar cikin mako 2. Hausawa da Yarbawa masu ɗimbin yawa suka baro rumfuna da gidaje, suka dawo hannu rabbana. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, aka kori baƙi fiye da miliyan 1, galibinsu mutanen Ghana. A 2019 aka far wa shagunan baƙi a Afirka ta Kudu, har aka kwaso 'yan Nijeriya da jirgin sama, alhali ƙasarmu ta zuba dukiya wajen yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yaron da malami ya jera wa waɗannan labarai uku zai gane cewa mai korar baƙo yau shi ne abin kora gobe. Wanda bai taɓa jin su ba, da an yi faɗa a kasuwa sai ya ɗauki sanda, kamar yadda aka gani a Shasha ta Ibadan a 2021.

Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye kome ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya ga dama, na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini. Yara nawa aka karanta wa wannan a aji?

Wasu za su ce siyasa ce, ba aikin makaranta ba. Ni kuwa na ce in malami ya yi shiru, 'yan tasha za su koyar da nasu darasin.

Saboda haka ina kira ga Sarakunan Hausawa da iyaye, ku riƙa halartar taron iyaye da malamai, ku nemi a koyar da wannan a darasin tarihi. Mu ma a gida mu daina kiran maƙwabci da sunan raini a gaban yara, don adalcin da muke nema a Legas shi ne Ibo ke nema a Sabon Garin Kano.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.