Filin Uwargida: Gyara Lungun Ɗinki Ba Tare da Kashe Kuɗi Ba

Yau zancen na masu keken ɗinki ne a ɗaka, musamman waɗanda kullum sai an yi cigiyar almakashi kafin a fara aiki.

Kada ki zubar da gwangwanin Nido ko na Bournvita. Ki wanke, ki shanya ya bushe sarai, don ɗan danshi kaɗan ke sa allura tsatsa. Ɗaya na maɓallai, ɗaya na zif, ki ɗora su can saman kabad. Wallahi ba ƙaramin haɗari ba ne mai rarrafe ya tsinci maɓalli ko allura a tabarma. In akwai mataccen rediyo, ki sa a ciro miki maganaɗisun lasifikarsa, kina tashi daga ɗinki ki bi ƙasa da shi.

Zare kuwa, falanki da ƙusoshi sun wadatar. Guntun sabulu yana maye gurbin alli.

Sai ƙyallayen atamfa, waɗanda wasu ke sharewa da bola, abin takaici. Ki ware su launi-launi a jaka, ki jefa kafur saboda kyankyaso. In sun taru, ki wanke su tukuna, don wata atamfar tana zuba. Sannan ki yanka su daidai wa daida, inci 4 ko 5, ki harhaɗa, ki sa tsohon zani a tsakiya, ga bargon jariri. Amma kar ki haɗa leshi da atamfa, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wajen wanki zai yage.

Keke dai a rufe shi lokacin hunturu, kuma man keke kaɗai za ki ɗiga masa. Man gyaɗa danƙo yake yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.