Shin Sa'a Ta Fi Sammako?

Akwai wata kalmar Turanci da 'yan bokonmu su ke yawan jefawa cikin magana, watau "serendipity". In mutum ya ci caca, ko ya tsinci Naira a bakin hanya, sai ka ji an ce ai serendipity ne. Masu fassara kuma sai su rubuta "sa'a" su wuce. A ganina wannan kuskure ne, kuma ba ƙarami ba, domin an yar da rabin ma'anar kalmar, rabin kuwa da ya fi amfani.

Bari mu bi ta tun daga tushe. Wani Bature marubuci mutumin Ingila, Horace Walpole, shi ya ƙirƙiro ta cikin wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Horace Mann ran 28 ga watan Janairu, 1754. Ya ciro ta ne daga Sarandib, sunan da Larabawa da Farisawa su ke kiran tsibirin nan da Turawa suka raɗa wa Silon, wanda ya koma Siri Lanka a 1972.

Dalili kuwa wata tsohuwar hikaya ce ta mutanen Farisa, wadda aka buga da Italiyanci a birnin Benis a 1557, game da 'ya'yan Sarkin Sarandib su uku. Suna cikin tafiya suka gamu da wani mutum da raƙuminsa ya ɓace. Ba su ga raƙumin ba, amma suka ce masa ido ɗaya gare shi, gurgu ne, kuma yana ɗauke da man shanu a gefe guda, zuma a ɗaya gefen. Mai raƙumi ya ce lalle su ne ɓarayin, aka kai su gaban sarki. Nan suka yi bayani: ciyawar gefe ɗaya kaɗai aka ci alhali ta ɗaya gefen ta fi kyau, sawun ƙafa ɗaya jan ta a ke yi, ga tururuwa ta taru inda mai ya ɗiga, ƙudaje kuma inda zuma ta zuba. Daga baya aka ga raƙumi, aka sallame su da girma.

To, jama'a, ina caca a nan? Mutum nawa ne suka bi hanyar nan ba su ga komai ba? Shi kansa Walpole abu biyu ya haɗa: katsahan da basira. Watau ka gamu da abin kirki wanda ba shi ka fita nema ba, kana ka kasance da idon da zai gane shi.

Dubi yadda aka samo maganin nan fenisilin. A watan Satumba na 1928 likita Alexander Fleming ya komo daga hutu a asibitin St Mary da ke Landan, ya tarar funfuna ta kama wani faranti da ya ke renon ƙwayoyin cuta a ciki. Wani da sai ya wanke farantin. Shi kuwa ya lura ƙwayoyin da ke kusa da funfunar sun mutu. Duk da haka sai da Howard Florey da Ernst Chain suka sha aiki a Jami'ar Okasfod kafin abin ya zama magani, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

Ba sai mun tafi Turai ba. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg a Jos wani kan mutum na yumɓu da aka haƙo wajen aikin kuza a ƙasar Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya ga ya yi kama da wani da aka tono kusa da ƙauyen Nok a 1928. Da haka duniya ta san al'adun Nok, masu shekara fiye da 2,000. Mai gona ya yi tsintuwa, Fagg ne ya yi serendipity.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da gam-da-katar, da tsintar dami a kala, da tsuntsu daga sama gasasshe. Amma in za a fassara wannan, ni "dacen mai lura" zan ce. Ko tsintar dami a kala ma, ai sai wanda ya fita kalar.

Abin da ya sa na damu shi ne yaranmu. Makarantar da ba ta koyar da komai sai hadda, inda yaro mai yawan tambaya bulala ce rabonsa, ba za ta fid da mai lura ba. Kullum kuma muna gaya musu sa'a ta fi sammako. Ina kira ga malamai da iyaye su bar yaro ya duba, ya taɓa, ya tambaya. Sa'a kan zo ba sallama, amma wanda ya yi sammako shi ta kan tarar a farke.

Allah ya sa mu dace, amin.